Igiya Biyu a Zauren Kaka

Abin da na fara gani da na shiga zauren gidan Kaka a Illela shi ne igiyoyi biyu rataye a ƙusa ɗaya. Ɗaya mai kauri ce, irin wadda ake ɗaure maraƙi da ita. Ɗayar siririya, shuɗiya, kamar an yanko ta daga igiyar shanya. Kowacce tana da ƙulli kusa da bakinta, kuma daidai wurin ƙullin ta yi baƙi ta yi santsi, alamar hannu ya daɗe yana riƙe wurin. Na tsaya da jakata a kafaɗa ina kallonsu, har matar Kawu ta leƙo daga cikin gida.

"Ke, mi kike kallo nan? Shigo mana, ko sai an zo da kalangu?"

Dogon hutun makaranta ne ya kawo ni daga Sakkwato. Kaka, mahaifin mamata, ya yi watanni a kwance tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, ga matar Kawu da jariri a hannu. Mama ta ce in zo in taimaka da shara da wanke-wanke da kai wa Kaka abinci. Ta ce ni ce na fi dacewa, don ba ni da surutu. Gaskiya ta faɗa. Ko a aji, in malami ya kira ni, sai na ji kamar maganar ta maƙale mini a wuya.

Na sami Kaka a ɗakinsa, an jingina shi da matashi kusa da taga. Ya rame, amma idonsa yana nan yadda na san shi.

"A'a, amaryata ta iso," in ji shi. "Kin ji mijinki ya kwanta shi ne kika zo rabon gado? To babu komi sai buta da carbi."

Na durƙusa na gaishe shi ina dariya a cikin hijabi. Ban gama gaisuwar ba wani kuka ya taso daga bayan gida. Ba haushi ba ne. Dogon kuka ne mai jan rai, ya hau sama ya sauko, ya yi shiru, ya sake tashi. Jaririn ya farka ya kama nasa. Na ji matar Kawu a tsakar gida tana cewa, "A'uzu billahi. Ya ƙare a kanka!" Kaka kuwa ya juyar da fuskarsa wajen taga.

Da yamma na ga masu igiyoyin, karnuka biyu. Babban yana ɗaure a turke can bayan gida, kusa da garken awaki. Dogo ne, ja, mai siririn ciki da dogayen ƙafafu, tsayinsa ya kai mini ƙugu, gashin bakinsa ya yi fari. Bai zauna ba. Yana ta zagaye turken har ya haƙa hanya a ƙasa, igiyar ta naɗe, ya juya ya warware ta, ya sake naɗewa. Ƙaramin kuma yana ɗaure a ƙofar zaure, a wani lungu da ban lura da shi ba da na shigo, ɗan guntu baƙi mai farin ƙirji, bai wuce girman zakara ba. An ɗaura masa wasu tsofaffin makullai a wuya, da ya motsa sai su yi ƙara. Na ɗauka wasan Kaka ne kawai.

Ba su da suna. Matar Kawu ta ce Kaka yana kiran babban "kai", ƙaramin kuma "kai ma". Ita ce ta ba ni labarinsu muna tsince shinkafa. Babban na wani aminin Kaka ne, Bafulatani, wanda ya ƙetara Nijar da shanunsa shekarun baya. Karen ya ji ciwo a ƙafa a lokacin, ba zai iya tafiyar ba, sai ya bar wa Kaka shi amana kafin ya dawo. Har yau bai dawo ba. Ƙaramin kuwa a ƙarƙashin wata motar albasa da ta fito daga Kwanni aka tsince shi. Da can tare suke kwana a bakin zaure, kullum la'asar Kaka ya fita da su. Da ya kwanta ciwo, masu dubiya suka yawaita, mata suna tsoron wuce babban, sai Kawu ya kafa masa turke a baya.

"Tun daga nan muka rasa barci," in ji ta. Ta rage murya. "Kin san abin da ake cewa in kare shina wanga kuka a gidan da ke da mara lafiya. Wani abu shike gani."

Na sani. Kowa ya sani.

Kawu ya dawo daga bakin boda bayan magariba, idanunsa ja. Kasuwancinsa na kai kaya tsallake ne, kuma a lokacin hanya ba ta da tabbas, yau a buɗe, gobe a hana. Motocinsa biyu suna cikin layi tun makon jiya. Bai iya zama wuri ɗaya ba, ya ci loma biyu ya tashi ya amsa waya, ya dawo ya zauna ya sake tashi. Yana cikin haka maƙwabcinmu ya yi sallama, suka tsaya a zaure. Ban ji duk abin da suka ce ba, amma na ji "haƙuri ya ƙare" da "iyali ba su barci". Da Kawu ya shigo, ya tsaya a ƙofar ɗakin Kaka, ina ciki ina ba shi kunu.

"Baba, ranar Lahadi masu sayen karnuka za su zo kasuwa. Zan ba su babban."

"Amana ce," in ji Kaka.

"Amanar da mai ita ya manta da ita? Baba, ba ni son kukan nan a kanka. Wallahi ba ni so."

Ya juya ya fita. Na san inda masu sayen karnuka suke kai su. Kudu ake lodinsu a keji, kuma ba gadi ake kai su yi ba.

Kaka ya ture cokalin da hannunsa mai lafiya. Ya daɗe yana kallona.

"Amarya, za ki yi mani wani aiki? Ki riƙa hita da su da la'asar. Zama ne ya ishe shi. In ya taka ƙasa, wataƙila ya yi shiru."

Na so in ce ban iya ba. Ban taɓa taɓa kare ba a rayuwata. A gidanmu in kare ya shinshina kwano, sai an wanke shi da ƙasa. Amma bakina bai buɗe ba, kaina ne kawai ya gyaɗa.

Washegari na shirya kamar mai zuwa kwasar shara. Na sa tsohon hijabi, na ɗaura leda a kowane hannu. Matar Kawu ta tsaya nesa tana ba ni umarni: kada in bari su lashe ni, kada jelarsu ta taɓa zanena, in na dawo kada in taɓa randa sai na wanke hannu. Na saƙala wa babban igiyarsa da tsinin sanda, ina ja da baya. Sannan na kama kowace igiya daga can ƙarshenta, iyakar nisan da za ta ba ni. Ƙullin nan na Kaka yana lilo kusa da wuyansu, ban ko kalle shi ba.

Da babban ya zagayo zaure ya ji ƙarar makullai, sai ya saki wani ɗan kuka siriri ya nufi ƙaramin, ya bi jikinsa da hanci tun daga kai har jela. Na ja su muka fita.

Ban taɓa shan wuya irin ta ranar ba. Ƙaramin yana gudu, taku goma kafin babban ya yi ɗaya, ya yi dama ya yi hagu, ya shiga ƙarƙashin teburin mai rake. Babban kuma ya ja ni gaba da ƙarfi, sai ya tsaya cak, ya ɗaga kai, ya juya wani gefen. Hannuna ɗaya gabas, ɗaya yamma. Igiyoyin suka harɗe a ƙafata. An yi ruwa da safe, layin duk taɓo, takalmina ya maƙale na ciro shi da ƙyar. Babban ya yi karo da turmin da wata mata ta kife a ƙofar gida. Bai yi nisa ba ya sake karo da tayar amalanke. Na ce a raina wannan kare wawa ne, ko kuwa taurin kai ne irin na tsufa.

'Yan kabu-kabu suna zaune kan baburansu a bakin titi. Tun daga nesa suka hango ni.

"Kai jama'a, ku zo ku ga Baturiya!"

"Hajiya, farauta za a tahi? A ɗauke ki da su, sefa ko naira?"

"Wanne ke jan wani ne tsakaninku?"

Suka kwashe da dariya. Na ja hijabina har goshi. Na ji kamar in saki igiyoyin in ruga gida. Ban kai inda Kaka ya kwatanta mini ba na juyo. Na wanke hannu da ƙafa da sabulu har sau uku, na jiƙa hijabin a bokiti. Kafin a kira sallar isha'i kukan ya tashi daga bayan gida, kamar ba mu je ko'ina ba.

Haka na ci gaba da fita da su. Tun azahar gabana yake fara faɗuwa. Ina wanke-wanke ina duban inuwar katanga, ina lissafin saura nawa ta kai bakin rijiya, don da ta kai lokaci ya yi. Garin ma duk haka yake, ba mai natsuwa. Manyan motoci sun yi layi a gefen titin da ya nufi boda, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu, da an ji wata jita-jita sai kowa ya miƙe ya tada inji, can kuma a kashe. Masu canjin kuɗi suna kaɗa damin takardu a hannu ba mai tsayawa. Ni kuma ina ratsa su da karnuka biyu, kaina a ƙasa.

Na canza hanya don in kauce wa 'yan kabu-kabu, na riƙa bi ta bayan kara, inda ake sayar da shanu ranar kasuwa. A nan akwai fili, bayansa gonakin gero da suka miƙe har wajen Garu. Geron ya kai kafaɗa. Babban yana son wurin. Da ya ji warin kashin shanu sai ya buɗe hanci, jelarsa ta ɗan motsa.

A gindin wata bedi a bakin filin wata Bafulatana take zama da ƙwaryar nono kafin ta koma ruga. Ta girmi mamata. Ran farko kallona kawai ta yi. Rana ta biyu ta yi magana.

"'Yar birni, wannan leda ta mi ce? Karen ne ba shi da lahiya, ko ke?"

Na yi murmushi.

"Wannan ja irin namu ne. Ina kika samo shi?"

"Na kakana ne," na ce, da ƙyar.

"To ki gaya ma kakanki ya tsufa. Su biyun duka, shi da karen." Ta yi dariya ta ɗora ƙwaryarta a ka. "Ke kuma kina riƙe shi kamar wadda aka ba wutsiyar maciji."

Ranar ce na fara lura da wani abu. Ƙaramin ya sami wani ƙashi ya kwanta yana gwagwiya, makullansa suka yi shiru. Nan take babban ya tsaya. Ya juya kai dama, ya juya hagu, kunnuwansa a miƙe, ya fara wannan siririn kukan. Ƙaramin yana gabansa, bai fi taku uku ba. Da ƙaramin ya tashi ya girgiza jiki, makullan suka yi ƙara, sai babban ya nufe shi kai tsaye. Na ga abin, na ajiye shi a raina, amma ban san me zan yi da shi ba.

Ranar Juma'a da muka zagayo, na ga motar masu sayen karnukan. An ajiye ta a gefen kara, bayanta keji ne na ƙarfe hawa biyu. Ba ko kare ɗaya a ciki tukuna, sai wani kwano da ya lotse da tsummoki. Wasu mutum biyu suna cin abinci a inuwarta. Ɗaya ya bi babban da ido tun daga kai har ƙafa, kamar yadda Kawu yake duban buhun albasa. Na ja igiyoyin da ƙarfi har ƙaramin ya yi ƙara. A daren ban ci tuwo ba. Na kwanta ina juyi, in na rufe ido sai in ga kwanon nan.

Ranar Asabar garin ya cika, don jajibirin kasuwa ne. Ana ta sauke shanu da raƙuma, amalanken jakuna sun toshe hanyar bayan kara, dole na biyo ta babban titi. Ina tsakiyar ƙetarawa sai ihu ya tashi daga wajen boda, wai an buɗe hanya. Motocin da suka yi kwanaki a tsaye suka tada inji gaba ɗaya. Ƙara ta cika ko'ina, hon ta kowane gefe, hayaƙi ya turnuƙe. Ƙaramin ya tsorata ya ruga gaba, igiyarsa ta zame daga cikin ledar hannuna. Babban kuwa ya tsaya cak a tsakiyar kwalta. Na ja, bai motsa ba. Wata tirela ta taso, yaron motar yana dukan ƙofa yana ihu, "Ke! Ke mai kare!"

Ban san lokacin da na yar da ledar ba. Na dai ga hannuna a kan ƙullin nan na Kaka, dab da wuyansa, gashinsa yana gogar yatsuna. Jikinsa rawa yake yi. Da ya ji hannu a wurin sai ya jingino da kafaɗarsa a cinyata, na taka ya taka, muka fita daga titin. Iskar tirelar ta ɗaga mini hijabi.

A gefen titi na durƙusa. Fuskarsa tana daidai da tawa. Tun da na zo gidan ban taɓa kallonsa daga kusa haka ba, kuma na tabbata ba wanda ya yi, don kowa bakinsa yake gudu. Idanunsa biyu sun yi fari-fari, wata farar yana ta lulluɓe su, kamar ruwan da aka ɗiga wa nono. Na kaɗa hannu a gabansa. Bai ƙifta ba. Ya dai miƙo hanci, ya lashi bakin hijabina.

Na tuna turmin da ya yi karo da shi, da tayar amalanke, da hanyar da ya haƙa a gindin turke.

Wani mai shayi ne ya taka igiyar ƙaramin da ƙafa ya tsayar da shi. Ya miƙo mini ita da yatsa biyu yana yamutsa fuska. Na yi godiya. Wannan karon na kama ta a wurin ƙullinta ita ma, na haɗa igiyoyin biyu a hannu ɗaya. Ashe Kaka ya auna su ne. In an riƙe su a nan, ƙaramin yana ɗan gaba kaɗan, makullansa suna kaɗawa daidai kunnen babban. Muka kama hanya. Ba ja, ba tsayawa, ba harɗewa. Ƙaramin yana ta ɗan gudunsa, babban yana jefa dogayen ƙafafunsa a hankali a bayansa, ni ina gefe. Muka wuce 'yan kabu-kabu, wani ya ce, "A'a, yau Baturiya ta koyi tuƙi." Ban ja hijabina ba. Hankalina yana kan abin da zan gaya wa Kaka.

Na mayar da kowanne turkensa, don ba ni da ikon canza musu wuri. Ina barin bayan gida babban ya fara zagaye. Na wanke hannu, na canza hijabi, na shiga wurin Kaka.

"Kaka, ba ya gani."

Bai yi mamaki ba. Ya ɗan rufe ido.

"Duka biyun?"

"Duka."

"Da na kwanta, idon dama shina ɗan gani. Kin ga dalilin makullan ke nan."

"Ka sani, ba ka faɗa ba?"

"In hwaɗa ma wa? Kawunki ya bar shi gidan nan ne don shina ganin gadi shike yi. In ya ji makaho ne, mi zai hana shi ba da shi tun jiya? Wa ke ciyar da makahon kare?" Ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya. "Na ɗauka kewar hanya ke sa shi kuka. Ban kawo raba su da aka yi ba. Daga nan ba ni ganin inda aka ɗaure kowa. Amarya, kada ki gaya mashi."

Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Na ɗauki kwanonsa na fita.

Na rasa inda zan sa kaina. Na share tsakar gida da aka riga aka share. Na ɗebo ruwa na cika randar da ba ta yi rabi ba. Na karɓi jaririn na goya, na yi ta kai da kawo da shi daga rijiya zuwa ƙofar zaure. In na yi shiru, gobe da safe Kawu zai ja shi zuwa motar nan. In na faɗa, wataƙila na ƙara masa dalili, kuma na karya maganar Kaka. Matar Kawu ta ce, "Ke yau mi ya shiga jikinki? Zauna mana, kina sa ni jiri." Na zauna, na sake tashi. Daga bayan gida kukan ya taso, daga ƙofar zaure makullai suka yi ƙara, tsakaninsu katanga biyu da ɗakin girki.

Kawu ya shigo ana gab da kiran magariba. Motocinsa sun ƙetare, amma fuskarsa ba ta sake ba. Ya leƙa ɗakin Kaka, ya tarar yana barci, ya daɗe a tsaye yana kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Kukan ya sake tashi. Na ga yadda kafaɗun Kawu suka ɗaga, ya runtse ido, leɓɓansa suna motsi. A nan na gane ba barcin maƙwabta ne ya dame shi ba, ba kuma gadi ba, tsoron rasa mahaifinsa ne.

Ya wuce zaure. Na miƙa wa matarsa jaririn na bi shi. Na same shi ya sauke igiya mai kaurin daga ƙusa yana naɗe ta a hannu, don ya same ta kusa da safe. Tun da na zo, maganar da ta taɓa haɗa ni da shi ba ta wuce gaisuwa ba. Na durƙusa a bakin ƙofa.

"Kawu."

"Na'am, ɗiyata. Mi ne ne?"

Maganar ta maƙale a inda ta saba maƙalewa. Na kalli ƙullin da ke lilo a hannunsa, baƙi, mai santsi.

"Karen nan ba wani abu yake gani ba. Ba ya gani ne gaba ɗaya. Idonsa ya mutu."

Ya daina naɗe igiyar.

"Wa ya gaya maki?"

"Na duba. Ƙaramin yake bi, da ƙarar makullan wuyansa. Tun da aka raba su yake nemansa. Shi yake kira, ba Kaka ba."

Kawu ya kalli ƙaramin da ke kwance a ƙofar zaure, ya kalli hanyar bayan gida. Ladan ya fara gyara lasifika a masallacin layinmu, na san in ya fita salla maganar ta wuce ke nan.

"Don Allah, Kawu, ka bar ni in kai ƙaramin can baya, in ɗaure su a turke ɗaya yau. In ya yi kuka kafin safe, ba zan sake cewa komai ba. In kuma ya yi shiru, ka bar wa Kaka amanarsa."